FASHIN BAƘI: Kacici-kacicin jera lambobi ba tare da wasu haruffa ba, da abin da ya tona game da tsaron intanet

A kallon farko tambayar kamar ta 'yan aji ɗaya ce. Ga lambobi biyar a hargitse: 7, 2, 9, 4, 2. A rubuta wa kwamfuta umarnin da zai sa ta jera su daga ƙarami zuwa babba. Ɗalibin da ya yi mako biyu yana koyon harshen kwamfuta na Python zai amsa da layi ɗaya, domin akwai kalmar da aka tanada musamman don wannan aiki, wato "sorted".

Sai sharuɗɗa su biyo baya. Ba a yarda kalmar "sort" ta fito a cikin umarnin ba. Ba a yarda da alamar < ko > ba, waɗanda da su ake tambayar kwamfuta wace lamba ce ta fi wata. A wata sigar mai tsauri, haruffan s, o, r da t gaba ɗaya haramtattu ne. A sigar da ta fi kowacce tsauri kuwa, babu harafi ko lamba ko ɗaya da za a taɓa a allon madannai, sai alamomin rubutu kawai.

Masu rubuta manhaja sun shafe shekaru suna jefa wa juna irin wannan kacici-kacici don nishaɗi. Abin lura shi ne yadda kusan kowane sharaɗi aka gindaya sai an sami wanda ya zagaye shi, lambobin kuma suka fito a jere. Hanyoyin da ake bi a zagaye su ne dai masu kutse suka bi suka shiga manyan shafukan intanet da ke tsammanin haramta wasu haruffa ya ishe su kariya.

Asalin wasan

A tsakanin masu rubuta manhaja akwai gasar da suka ara wa suna daga wasan golf, inda wanda ya fi ƙarancin bugu shi ke yin nasara. A tasu gasar, wanda ya warware matsala da haruffa mafi kaɗan shi ne gwani. Sunan ya bazu a ƙarshen shekarun 1990 a tsakanin masu amfani da harshen Perl, kodayake al'adar ta girmi sunan. Tun a 1984 Landon Curt Noll da Larry Bassel suka fara wata gasa ta rubuta umarni mafi rikitarwa a harshen C. Kacici-kacicin haramta haruffa reshe ne na wannan al'ada: maimakon a ƙirga haruffan da mutum ya yi amfani da su, sai a ƙwace masa wasu tun kafin ya fara.

Masu adabi sun riga masu kwamfuta sanin wannan wasa. Marubucin Faransa Georges Perec ya wallafa littafin ƙagaggen labari mai shafi kusan 300 a 1969 ba tare da harafin e ba, alhali shi ne harafin da ya fi yawa a Faransanci. Fiye da shekara dubu kafin shi, malamin nan na Basra, Wasil bin Aɗa'u, ya shahara da kauce wa harafin ra a jawabansa saboda harshensa ba ya iya furta shi da kyau. Idan kalma tana ɗauke da harafin, sai ya nemo wata mai ma'ana ɗaya ya sa a gurbinta, masu sauraro kuma su fahimci abin da yake nufi.

Ba da ka aka zaɓi jera lambobi a matsayin abin gwaji ba. Yana cikin ayyukan da kwamfuta ta fi yi: jerin sunayen da ke cikin waya, sakamakon jarrabawa daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, bayanan shiga da fitar kuɗi bisa kwanan wata. Donald Knuth na Jami'ar Stanford, a juzu'i na uku na babban littafinsa da ya fito a 1973, ya ruwaito cewa masu ƙera kwamfuta na shekarun 1960 sun ƙiyasta fiye da kashi 25 cikin 100 na lokacin aikin na'urorinsu yana tafiya ne wajen jera bayanai. Saboda haka an ƙirƙiro hanyoyi masu yawa na yin aikin, kuma yawan hanyoyin ne ke ba mai warware kacici-kacicin mafita idan an toshe masa guda.

Hanya ta farko: lissafi a madadin alama

Hanyar da aka fi koya wa ɗalibai ita ce a kwatanta lambobi biyu da ke maƙwabtaka, idan ta hagu ta fi ta dama a musanya su, a yi ta maimaitawa har jerin ya daidaita. Tana da sauƙin fahimta, sai dai tana da nawa: lambobi miliyan ɗaya za su buƙaci kwatance kusan biliyan 500. Dabarar raba jeri biyu-biyu a sake haɗawa, wadda John von Neumann ya tsara a 1945, tana gama aikin da kwatance kusan miliyan 20. Dukansu biyu sun dogara da tambaya ɗaya: wace ce ta fi?

Idan aka haramta alamar da ake yin tambayar da ita, lissafin firamare na iya ba da amsa. A ɗauki 7 da 2. Jimlarsu 9, tazarar da ke tsakaninsu 5. A tara 9 da 5 a raba biyu, an sami 7, wato babbar. A cire 5 daga 9 a raba biyu, an sami 2, wato ƙaramar. Ko wace lamba ce ta zo a farko, sakamakon ba ya canjawa, muddin an jefar da alamar ragi daga tazarar. A Python kalmar "abs" ce ke jefar da alamar, to amma tana ɗauke da harafin s. Idan shi ma haramtacce ne, sai a ninka tazarar da kanta sannan a ɗauki tushenta: ko 5 ce ko ragi 5, ninkin 25 ne, tushensa kuma 5. An kwatanta lambobin ke nan, alhali alamar kwatance ba ta fito ba.

Hanya ta biyu: tuli-tuli

Akwai kuma hanyar da ba ta kwatanta lamba da lamba sam. Mai shagon da ke haɗa cinikin yini ba ya ɗaga takardun kuɗi biyu yana auna wace ce ta fi daraja. Yana ware su ne tuli-tuli, 'yan ɗari a nan, 'yan ɗari biyu a can, 'yan ɗari biyar, 'yan dubu, sannan ya tattara tulin bi da bi.

Haka kwamfuta za ta yi. A haƙa gurabe goma kamar na dara, a ba su suna daga 0 zuwa 9. Duk lambar da ta zo a jefa tsakuwa a gurbinta. Daga lambobin da aka fara da su, gurbi na 2 zai sami tsakuwa biyu, na 4 da na 7 da na 9 kuma ɗaiɗai. A karanta daga hagu zuwa dama: 2, 2, 4, 7, 9. Ana danganta wannan dabara ga Harold Seward, wanda ya bayyana ta a 1954 a cibiyar MIT ta Amurka.

Rauninta a fili yake: idan akwai lambar da ta kai biliyan, sai an haƙa gurbi biliyan. Maganin haka shi ne a bi lambobin gida-gida. A ɗauki 53, 21, 47, 13. A fara jera su bisa lambar ƙarshe, a sami 21, 53, 13, 47. A sake jera wannan bisa lambar farko, a sami 13, 21, 47, 53. Gurabe goma sun wadatar komai girman lambar. Da irin wannan tsari na'urorin rarraba kati masu huji suke aiki, waɗanda suka samo asali daga na'urorin da Herman Hollerith ya ƙera wa ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890.

Hanya ta uku: barci

A 2011 wani da bai bayyana sunansa ba ya wallafa wata dabara a intanet, rabinta raha ce. Kowace lamba za a ba ta ɗan aikenta, a ce ya yi barci na daƙiƙoƙi daidai da lambar, in ya farka ya rubuta ta a allo. Masu riƙe da 2 za su farka bayan daƙiƙa biyu, mai 4 ya biyo baya, mai 9 ya zo a ƙarshe. Lambobin sun jeru, babu kwatance, babu gurbi.

Ba mai amfani da ita a aiki na gaske. Lambar 86,400 za ta sa a jira yini guda cur, lambobin da ke ƙasa da sifili ba su da wurin zama, kuma idan na'ura ta yi nauyi lambobi biyu masu kusanci na iya fitowa a juye. Duk da haka ta nuna cewa aikin da aka hana umarni ya yi da kansa ana iya ɗora wa wani sashe na kwamfutar, a nan agogonta.

Hanya ta huɗu: ƙera kalmar da aka haramta

Wannan ita ce hanyar da ta fi jan hankalin masana tsaro. A harshen JavaScript, wanda shi ke motsa kusan duk shafukan da ake buɗewa a waya da kwamfuta, ana iya kiran aiki da sunan da aka harhaɗa a lokacin da umarnin ke gudana. Mai duba umarni zai ga "so" a gefe guda, "rt" a wani gefen, da alamar tarawa a tsakani, ba zai ga kalmar da ya haramta ba. Kwamfuta kuwa za ta haɗe su ta aiwatar.

Idan haruffan ne aka haramta, akwai lambobinsu. A tsarin ASCII kowane harafi yana da lamba: s ita ce 115, o 111, r 114, t 116. A lissafin tushe takwas ana rubuta su \163\157\162\164, kwamfuta kuma za ta karanta wannan a matsayin kalmar nan dai.

Akwai wani tarko a nan da ke kama sababbin shiga. Idan ba a yi masa ƙarin bayani ba, JavaScript yana jera lambobi ne kamar kalmomin ƙamus, harafi bayan harafi. A ba shi 10, 9, 1, zai mayar da 1, 10, 9, domin a wurinsa duk abin da ya fara da 1 yana gaban abin da ya fara da 9. Samo kalmar da aka haramta rabin aiki ne, sai an kuma tabbatar amsar daidai ce.

Alamomi shida kacal

Saura sigar da ta haramta haruffa da lambobi duka. A 2009 wani masanin tsaro ɗan Japan, Yosuke Hasegawa, ya fitar da manhajar da ke mayar da umarnin JavaScript zuwa alamomi 18 ba harafi ko ɗaya. Masu sha'awa suka shiga rige-rigen rage adadin, zuwa 2010 ya sauko shida: [ ] ( ) ! da +. A 2012 Martin Kleppe na Jamus ya buɗe shafin da ya ƙara yaɗa salon, wanda aka fi sani da JSFuck.

Sirrin yana cikin ɗabi'ar harshen ta sauya abu daga wani nau'i zuwa wani ba tare da ya tambaya ba. Idan aka rubuta ![] amsar ita ce "false", wato ƙarya. Idan aka rubuta !![] amsar "true" ce, wato gaskiya. Harshen yana ɗaukar gaskiya a matsayin 1 idan ana tarawa, don haka !![]+!![]+!![] ya zama 3. Ƙara +[] a bayan ![] yana mayar da amsar ta zama rubutu mai haruffa biyar da za a iya tsinka ɗaya bayan ɗaya. Kwamfuta daga sifili take fara ƙirga, saboda haka harafi mai lamba 3 a cikin "false" shi ne s. Ga yadda ake rubuta shi: (![]+[])[!![]+!![]+!![]].

Haruffan r da t suna cikin "true". Harafin o kuma ana ciro shi daga kalmar "function", wadda harshen ke furtawa da kansa idan aka nemi ya bayyana ɗaya daga cikin ayyukansa a rubuce. An tara s, o, r, t ke nan daga baka da alamar motsin rai da alamar tarawa. Umarnin kan yi tsawo ainun, layi ɗaya na iya komawa dubban alamomi, amma yana aiki. Gaskiya ne akwai iyakar da idan an rage alamomi aka wuce ta harshen ba zai iya komai ba, sai dai iyakar tana ƙasa sosai da inda yawancin mutane ke zato.

Inda ƙaramar magana ta zama babba

Shafukan da ke barin jama'a su rubuta wani abu, kamar sharhi ko tallan kaya ko bayanin kai, suna fuskantar haɗari guda: wani na iya cusa umarni a maimakon rubutu, umarnin kuma ya gudana a na'urar duk wanda ya buɗe shafin. Kariyar da ta fi saurin zuwa a zuciya ita ce a kafa rariya da za ta tace kalmomi da alamomi masu haɗari. Wannan daidai yake da sharaɗin kacici-kacicin, sai dai a nan mai warwarewar ba nishaɗi ya kawo shi ba.

A watan Oktoban 2005 wani matashi ɗan shekara 19, Samy Kamkar, ya gwada haka a MySpace, dandalin sada zumunta da ya fi tashe a Amurka a lokacin. Shafin ya haramta kalmar "javascript", sai ya raba ta biyu, rabi a layi ɗaya rabi a layi na gaba. Rariyar ba ta gane ta ba, amma wasu manhajojin buɗe shafi sun haɗe ta sun aiwatar. Wata kalmar da aka haramta kuma ya gutsura ta ya haɗa da alamar tarawa, kamar yadda aka yi wa "so" da "rt". Cikin kimanin awa 20 umarnin nasa ya yaɗu zuwa asusu fiye da miliyan ɗaya, har sai da aka rufe shafin na ɗan lokaci. Daga baya ya amsa laifi a kotu, aka sa shi ƙarƙashin sa ido na shekara uku.

Bayan shekara goma, a watan Disamban 2015, kamfanin tsaro na Check Point ya sanar da kasuwar intanet ta eBay cewa ma'aikacinsa Roman Zaikin ya gano wata kafa. Rariyar eBay tana cire haruffa da lambobi daga umarnin da masu sayar da kaya suka saka a shafukansu, bisa tunanin cewa abin da ya rage ba zai iya cutarwa ba. Alamomin nan shida suka wuce salin alin. Check Point ya bayyana batun ga duniya a watan Fabrairun 2016. eBay ya ce bai ga wata damfara da aka yi ta wannan hanya ba, amma a 2017 ya hana masu sayarwa saka irin wannan umarni a tallansu baki ɗaya.

A watan Disamban 2021 kuma aka bankaɗo babbar kafar nan ta Log4j, wata ƙaramar manhajar ajiye bayanan aiki da ke cikin dubban manhajoji a duniya. Harin yana buƙatar kalmar "jndi", don haka kamfanoni da dama suka yi hanzarin toshe ta a ƙofar shiga. Cikin 'yan kwanaki masu kutse suka koma aiko da kalmar a gutsure, suna barin Log4j ɗin da kanta ta harhaɗa haruffan. Sabunta manhajar ne ya zama magani.

Dalilin da rariya ba ta isa

Bahaushe ya san wannan a cikin gida. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari saboda kunya, amma ba ta taɓa rasa yadda za ta aike shi kasuwa ba. Ta ce "yaron nan" ko ta kira laƙabi, kowa ya san wanda take nufi. Abin da aka hana shi ne lafazi, ma'anar kuwa tana da ƙofofi da yawa.

Masana lissafi sun tabbatar da haka a ilmance. Bisa tushen da Alan Turing ya kafa a 1936, Henry Gordon Rice ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa ba za a taɓa samun manhajar da za ta duba kowane irin umarni ta faɗi abin da zai aikata, ba tare da kuskure ba. Rariya siffar rubutu take gani. Mai kutse yana da hanyoyi marasa iyaka na rubuta abu ɗaya, mai tsaro kuma sai ya hango su duka, alhali guda ɗaya ta ishi abokin hamayyarsa.

Wanda ke biyan kuɗin

Haramta alamomi yana da wata illa da masu sunaye irin su Sa'adatu, Isma'il, Rabi'u da A'isha suka sani. Akwai fom ɗin intanet da ke ƙin karɓar sunan da ke da alamar hamza, ko ya goge ta da kansa. Dalili shi ne a harshen SQL, wanda ake magana da rumbun bayanai da shi, wannan alama ce ke nuna ƙarshen rubutu, don haka mai kutse kan yi amfani da ita ya rufe gurbin suna ya ɗora nasa umarni. Mai rubuta manhajar da ke gaggawa sai ya haramta alamar ga kowa. Sakamakon shi ne suna ya fito iri ɗaya a wannan takarda, wani iri a waccan, kuma duk wanda ya taɓa bin layin gyaran suna ya san abin da bambancin harafi ɗaya ke jawowa.

Ƙin karɓar hamza ba hujja ba ce cewa shafi yana da kafa, domin wani lokaci tsohon tsari ne kawai aka gada. Amma maganin gaskiya sananne ne tun da daɗewa, kuma ba ya buƙatar taɓa sunan kowa. Ana aika wa rumbun bayanai umarni daban, abin da mutum ya rubuta kuma daban, ta yadda komai ya rubuta za a ɗauke shi a matsayin suna kawai. Haka nan idan za a nuna rubutun wani a shafi, ana sauya alamomi masu haɗari zuwa sigar da za a gani da ido amma ba za ta gudana ba. Inda kuma dole a tace, kamar gurbin lambar waya, ana lissafa abin da aka yarda da shi ne a ƙi duk saura. Wannan ita ce shawarar da ƙungiyar OWASP mai wayar da kai kan tsaron manhajoji ta daɗe tana bayarwa.

A Najeriya batun ya wuce shawara. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa masu riƙe bayanan jama'a su ɗauki matakan tsaro da suka dace, su kuma sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin awa 72 idan aka yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Manyan masu riƙe bayanai na iya fuskantar tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Ga matasan da ke koyon rubuta manhaja, kacici-kacicin jera lambobi atisaye ne mai arha: wanda ya taɓa ƙera kalmar "sort" daga alamomi shida da hannunsa zai yi wuya ya amince wa jerin haramtattun kalmomi ya tsare masa kuɗin mutane. Ga hukuma ko kamfanin da ya ba da kwangilar gina shafi kuwa, akwai gwaji mai sauƙi kafin a biya ɗan kwangila. A rubuta Sa'adatu a gurbin suna, a ga ko zai karɓa ya kuma nuna shi daidai. Idan ya ƙi, a nemi bayanin abin da yake tsoro, da abin da zai faru ranar da wani ya aiko da abin ta wata siga.